Me ya sa jiki ke ƙin ƙodar da aka dasa?

Malam, ka tambaya me ya sa yayanka, da aka yi wa dashen ƙoda a nan Kano, yake shan magani safe da dare alhali ya murmure. Dalilin yana cikin saƙon da ƙwayoyin garkuwar jiki ke aika wa juna. Da zarar ƙwayoyin T, wani rukuni daga cikinsu, sun gane alamomin baƙuwar ƙoda, sai su saki sinadarin intalukin-2, wanda ke sa su hayayyafa su afka mata, har fitsari ya ragu, kiriyatinin, wani datti da ƙoda ke tacewa, ya hau a jini, sau da yawa tun kafin mutum ya ji wani ciwo. Takrolimus, ɗaya daga cikin magungunan da ake ba waɗanda aka yi wa dashe, yana toshe wannan saƙo, amma ba ya mantar da jiki cewa ƙodar ba tasa ba ce. Dashen farko da ya ɗore, a Boston a 1954, bai buƙaci irin wannan magani ba saboda tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi.

Abin da ya fi damuna shi ne tsadar maganin, wadda ke sa wasu tsallake kwana. Ku tallafa masa kada hakan ta faru, kuma kafin azumi ya tuntuɓi likitansa kan lokutan sha.