Amsoshin Tambayoyinku: Tukunya Ta Yi Wa Fulawata Kaɗan, In Sayi Babba?

Wata amarya daga Hanwa ta rubuto: "Assalamu alaikum Anti. Ƙanwar maigidana ce ta kawo mini wata fulawa mai faffaɗan ganye mai tsage-tsage, ta ce sunanta Monstera. Shekararta ɗaya da rabi a falona cikin tukunyar robar da ta zo da ita. Yanzu saiwa ta leƙo ta ƙasan tukunyar, kuma in na ba ta ruwa da safe, kafin la'asar ƙasar ta bushe ƙarau. Na ga wata ƙatuwar tukunyar siminti wajen masu fulawa, ina so in saya in huta gaba ɗaya. Ga shi muna cikin Janairu. Me kika gani?"

Wa alaikumus salam amarya. Ki mayar da kuɗinki jaka tukuna. Shukarki kam tana neman sabon mazauni, don alamomi biyun da kika faɗa su ne na gaskiya: saiwa ta fito ta huda, ruwa kuma ba ya zama saboda saiwar ta cinye gurbin ƙasa. Amma ba wannan tukunyar ba, kuma ba wannan watan ba.

Mu iyaye mun saba da yi wa yaro ɗinkin sallah da girma don ya kai masa baɗi. Wannan dabarar a kan yaro take ci, ba a kan shuka ba. In kika sa 'yar saiwa cikin ƙatuwar tukunya, ƙasar da ke kewaye za ta riƙe ruwan da babu mai shan sa, ta yi kwana da kwanaki a jiƙe. Saiwa kuwa numfashi take yi kamar ni da ke. Iska ta yanke mata, sai ta ruɓe, ganye ya yi rawaya ya langaɓe, ke kuma ki ɗauka ƙishi ne ki ƙara ruwa. Haka na kashe wata shuka da ake kira rubber plant da na yi shekara uku ina lallaɓawa. Tukunyar siminti na saya mata mai zanen furanni, mai sayarwa yana ta rantsuwa cewa ta fi kowace kyau, ashe ko huda babu a gindinta. Ran da na tuge ta, wari ne ya fara gaishe ni, saiwoyin sun yi baƙi sun yi luguf kamar taliyar da ta kwana a ruwa.

Abin da za ki saya shi ne tukunyar da bakinta ya ɗara na yanzu da santimita 3 zuwa 5, wato kamar faɗin yatsu biyu ko uku. Ki auna bakin tsohuwar da zare, ki ƙulla, ki tafi da shi kasuwa. Kafin ki taya, ki kifa tukunyar ki duba gindi. Babu huda, babu ciniki, sai dai in ta roba ce da za ki iya hudawa da ƙusa mai zafi. In kuma ta simintin nan ta shiga ranki, ki saye ta don ado, ki zura ƙaramar a cikinta, ki riƙa zubar da ruwan da ya taru.

Sai batun lokaci. Asalin Monstera dazuzzukan kudancin Meziko ne zuwa Fanama, inda iska ke da laima, tana hawa jikin manyan itatuwa a cikin inuwa. Ki kwatanta wannan da Zariya a Janairu, lokacin da leɓe ke tsagewa, wanki ya bushe kafin ki gama shanya. Duk shukar da aka taɓa wa saiwa sai ta yi kwanaki ba ta jan ruwa sosai, iskar hunturu kuwa ba ta jira, za ta tsotse ganyen. Maris da Afrilu ma ba su yi ba, zafi kan haura digiri 35. Masu rubutu a intanet suna cewa a yi dashe in sanyi ya wuce, amma da yanayin Turai da Amurka suke magana. Namu lokacin farkon damina ne, ƙarshen Mayu zuwa Yuni, bayan ruwa ya zauna. Kafin nan ki ƙara yawan ban-ruwa, ki janye ta daga bakin taga, ki riƙa goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma. Ba abin da matsi zai yi mata cikin wata huɗu.

Ki ba ta ruwa tun ana gobe dashe, in ranar ta zo ki yi aikin da yamma. Ki kwantar da tukunyar, ki bubbuga gefenta, ki tallafo gindin shukar ki zaro. Kada ki finciko ta da kara. Saiwar da ta nannaɗe kamar gammo ki warware ta a hankali da yatsa. Mai lafiya fara ce ko ruwan ƙasa-ƙasa, da tauri. Wadda ta yi baƙi ta yi laushi ki datse da sabuwar reza. Ki zaunar da ita daidai zurfin da take a da, ki cika gefe ba tare da kin danne da ƙarfi ba, ki zuba ruwa har ya fito ta ƙasa. Dogayen saiwoyin nan da ke fitowa a jikin kara suna reto ba cuta ba ne, da su take kama bishiya a daji. Ki kafa mata sanda da aka naɗe da igiyar rama tun a ranar, don in kika bari sai daga baya za ki soke saiwa. Sati biyu a inuwa, takin zamani kuma sai bayan wata guda ko sati shida. In ta ɗan yi yaushi a kwanakin farko, kada hankalinki ya tashi.

Wani malami daga Samaru ya ce: "Hajiya, na ɗebo ƙasa a bayan gida na cika tukunya, yanzu ta daskare kamar bulo, ruwa yana kwanciya a sama. In sayi ƙasar leda ta kanti ne? Sannan an ce in zuba tsakuwa a ƙasan tukunya."

Malam, jar ƙasar nan tamu ta gini ce, ganuwar Zazzau shaida. A gona tana yi saboda garma da tana suna buɗa ta, a tukunya kuwa ba mai buɗa ta. Ƙasar kanti tana da kyau in aljihu ya ɗauka, amma ni haɗawa nake yi: mudu biyu na baƙar ƙasar lambu, mudu ɗaya na yashin rafi mai kaushi irin na magina, mudu ɗaya na ɓuntun shinkafa da ya ruɓe ko aka babbaka, tafin hannu biyu na dakakken gawayi, da ɗan kashin shanu da ya shekara har ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi, ka nisance shi. Ka kuma tankaɗe takin ka duba, gara da gwazarma ta nan suke shiga tukunya. Gwaji mai sauƙi: ka jiƙa haɗin, ka dunƙula a hannu. In ka taɓa da yatsa ya wargaje, ya yi. In ya tsaya kamar curin fura, ƙara yashi da ɓuntu.

Tsakuwa kuwa ka bar ta. Ruwa ba ya saurin tsallakawa daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa sai ta jiƙe sharkaf, don haka tsakuwar ɗago wurin jiƙar take yi zuwa kusa da saiwa, ta kuma rage wa shuka wuri. Ɗan guntun fasasshiyar tukunya guda a kan hudar ya isa ya hana ƙasa zuba.

Wata uwa daga Tudun Wada tana tambaya ko tukunyar ƙasa ta fi ta roba, ta ce shukarta mai ganye kore ce da ɗigo-ɗigon fari, kuma tana da yara ƙanana.

'Yar'uwa, in hannunki na da nauyi wajen zuba ruwa, ɗauki ta ƙasa, tana tsatsafo kamar randa, ƙasar ciki ta sha iska. In mai mantuwa ce ke, ko kina yawan tafiya, ta roba ta fi riƙe laima, musamman da hunturu. Amma maganar yaran ta fi damuna. Bisa kwatancenki wannan Dieffenbachia ce, ruwan jikinta na ɗauke da wasu ƙananan allurai na sinadari da ke ƙona baki su kumbura harshe in an tauna. Monstera ta amarya ma tana da irinsu. Ki sa leda a hannu ranar dashe, ki wanke da sabulu kafin ki taɓa ido, ki kwashe yankakken ganye kada mai rarrafe ko akuya su samu, tukunyar kuma ki ɗora ta inda hannun yaro ba ya kaiwa.