Amsa: kumburin ƙafa da haki bayan haihuwa

Ɗan'uwa, ka ce maiɗakinka ta haihu sati shida da suka wuce a ƙauyenku ta wajen Ringim, ƙafafunta sun kumbura, in ta kwanta sai ta tashi zaune tana haki, kana tambaya ko aikin zuciya za a yi mata.

Kada ku jira a gama wankan jego. Alamun nan sun yi kama da raunin zuciya na masu jego, wanda ya yi yawa a Arewa. Likitoci a Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, kuma binciken Farfesa Kamilu Karaye a Kano ya nuna yawancin masu ciwon na da ƙarancin sinadarin seleniyom a jini.

Hoton zuciya na eko shi zai raba gardama, ana yinsa a Asibitin Malam Aminu Kano. Yana nuna kason jinin da zuciya ke turawa a kowane bugu. In ya gaza kashi 45 cikin 100, akwai matsala. Wannan ciwon ba kasafai ake kai shi ga wuƙa ba. Magani ne: na fitar da ruwa, da na rage wa zuciya nauyi, kuma mata da yawa suna farfaɗowa cikin watanni.

A ɗauke mata kunun kanwa tukuna, ko Iya za ta yi faɗa, don kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Maganar wani cikin kuwa, sai an sake hoton, likita ya ce zuciyar ta dawo daidai. Allah ya ba ta lafiya.