Tambaya da Amsa: Me ya hana zanen bangon Italiya koɗewa?

Tambaya: Malam, ni magini ne a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Yarona ya nuna mini hoton bangon wani coci na Italiya a waya, an zana mace bisa jaki rungume da jariri, wai ya haura shekara 700. Mu kuwa damina biyu fenti ya soma ɓarewa. Mene ne sirrinsu, kuma wace ce matar?

Amsa: Sannu da aiki, Malam. Ga dukkan alamu ka ga aikin wani mai zane ne ɗan Italiya mai suna Giotto, a cocin Scrovegni da ke birnin Padua, wanda aka kammala wajen 1305. Matar Nana Maryam ce, a labarin da littafin Kiristoci ya kawo na gudu da jaririnta Annabi Isa (AS) zuwa Masar don tsira daga Sarki Hirudus. Mu Musulmi ba ma zana annabawa. Su kuwa a lokacin yawancin jama'arsu ba su iya karatu ba, bango ne ke ba su labari.

Sirrin kuma, kai za ka fi kowa gane shi. Ba sa jiran yaɓe ya bushe. Za a kwaɓa farar ƙasa da yashi, a shafa iya wurin da mai zane zai gama a yini guda, wani lokaci fuska ɗaya tak, ya bi da launin da aka dama da ruwa tun bango na ɗanye. Farar ƙasar na shan iska tana komawa dutse, sai ta riƙe launin a jikinta. Wanda ya matsa kusa yana ganin gaɓar da aikin jiya ya haɗu da na yau. In hannu ya kuskure, sai dai a kankare a sake yaɓe. Wannan haƙurin nasu yana burge ni ƙwarai.

Sake duba hoton, ka lura da mayafin matar. Shuɗi ne asalinsa, amma shuɗin da suke da shi ba ya jituwa da ɗanyen yaɓe, sai da ya bushe aka shafa. Shi ne ya ɓare, kamar dai fentinka, har jar rigar ta fito.

Kada kuma ka yi wa aikinka rashin adalci. Nasu a cikin ɗaki yake, bai san ranar Katsina ko ƙurar hunturu ba. Yanzu ma sai baƙi sun zauna kamar minti 15 a wani ɗaki mai na'urar daidaita iska kafin a buɗe musu ƙofa.