Jirgi da tangaɗi bayan lodi

"Maigida, jirgin ruwanmu in ba kaya lafiya lau yake tafiya, amma da mun yi lodin masara da banda daga tsibirin Darak da ke Tafkin Chadi za mu garin Blangoua, sai ya dinga kwanciya dama da hagu kamar zai kife. Ko ƙirar ce ba kyau?"

Ɗana, kafin ka ɗora wa kafinta laifi, duba lodinka. In jirgi ya karkata, ruwa ne ke tura ɓangaren da ya nutse ya miƙar da shi. In nauyi na ƙasa, miƙewar ba wuya. In ka tara shi a sama, nauyin ne zai ƙara janyo shi inda ya karkata. Don haka buhunan masara da duro su zauna a gindi, a tsakiya, dama da hagu daidai. Kwalayen banda, da yake ba su da nauyi sosai, su hau kai. Fasinja ba ya zama a kan kaya. Kuma ɗaure komai, don buhu mai kilo 100 in ya zame gefe, ba ya dawowa da kansa.

Tun a bakin gaɓa za ka gane. Taka gefen jirgin ka girgiza shi, ka ƙirga daƙiƙa nawa yake ɗauka daga dama zuwa hagu ya dawo. In yana dawowa da sauri, da fizga, ƙarfinsa na nan, sai dai ya wahalar da mutane. Wanda nake tsoro shi ne mai kwanciya a hankali, ya ɗan dakata kamar yana shawara, sannan ya taso. Sabon shiga yakan ce wannan ne mai daɗin tafiya. In ka ga haka, sauke kayan sama kafin ka tayar da inji.

Sai ruwan da ke kwance a ciki. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, amma ba nauyin ne kaɗai matsalar ba: duk inda jirgi ya karkata, can ruwan ke gudu gaba ɗaya. Kwarfe shi tun yana kaɗan. Haka duron mai da ke rabi. Gara cikakke ko fanko.

Tafkin Chadi ba zurfi, shi ya sa igiyar ruwansa gajera ce, a tsaye, tana zuwa a jere, musamman in iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas. In tana bugun ka a gefe, bugun kuma ya yi daidai da lilon jirgin, kowace igiya ƙara masa kwanciya take. Rage wuta, ka karkata goshin jirgi ya tare ta a kaikaice, wajen digiri 30 zuwa 45. In juyawa ta kama, jira babba ta wuce, ka juya a bayanta, kada ka kashe inji a tsakiyar juyi.