Me sabon ɗan barkwanci zai saya, me zai haƙura da shi?

Tambaya: Abokaina sun ce ina da ban dariya, kuma ina son in fara hawa dandamali ni kaɗai ina barkwanci. Na tara ɗan kuɗi. In sayi makirfo da lasifika, ko in biya kuɗin kwas?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Wuraren da ke shirya daren da ake ba kowa makirfo suna da kayan sautinsu, kuma sau da yawa makirfo mai suna Shure SM58 za ka tarar, wanda ya fito tun 1966. Abin da kake buƙata yanzu ɗan littafin aljihu ne da biro da wayarka. Kwas yana tilasta maka rubutu, ya kuma sa maka ranar hawa. Kwas ɗin da ba ya ƙarewa da wasa a gaban mutane, kada ka biya masa ko sisi.

Dariyar abokai tana ruɗi, domin sun san ka, sun san wanda kake kwaikwayo. Baƙo bai san kowa ba. A daren da ake ba kowa makirfo, minti 3 zuwa 5 ake ba mutum, don haka rubuta na minti 5 ka gwada da agogo. Kowane barkwanci gaɓa biyu ne: shimfiɗa, wadda ke sa mai sauraro ya zaci abu kaza, sai juyi, wanda ke karya zaton. Kalmar da ke ɗauke da dariyar ta zo a ƙarshen jimla, kuma da ka faɗe ta ka yi shiru. Sababbi da yawa tsoron shirun ke sa su ci gaba da magana, mutane kuwa su haɗiye dariyarsu don kada wani abu ya wuce su.

Da ka hau, zare makirfon daga sandarsa, ka mayar da sandar bayanka don kada ta tsaya tsakaninka da jama'a. Riƙe shi daidai haɓa. Kada ka dunƙule hannu a kan ragar kansa, murya za ta toshe, lasifika kuma ta iya yin ƙara mai huda kunne. A wurare da yawa ana haska maka fitila daga baya idan lokaci ya kusa cika. Ka gan ta, ka rufe. Masu shiri sun fi yafe wa wanda bai ba da dariya ba a kan wanda ya ci lokacin wani.

Tambaya: Ina ɗaukar wasana da waya, amma ba a jin maganata sosai. In sayi kyamara?

Amsa: 'Yar'uwa, hoton wayarki ya isa, sauti ne matsalar. Wayar da ke bayan ɗaki amon ɗakin da hirar na kusa da ita take kwasa. Sayi abin ɗora waya mai ƙafa uku, da ƙaramin makirfon da ake maƙalawa a wuyan riga mai naɗar sauti da kansa. Sai dai shi muryarki yake ɗauka sosai, dariyar jama'a ta koma can nesa kamar ba a yi ba. Saboda haka haɗa sautin biyu wajen tacewa, ki kuma tafa hannu sau ɗaya bayan kin kunna su duka don ki gane inda za ki daidaita su. Washegari saurara da biro a hannu, ki yi alama a duk inda aka yi dariya. Abin da ya mutu sau uku a gaban mutane daban-daban, gyara shimfiɗarsa ko ki cire shi.

Tambaya: An fara biyana jefi-jefi. In ajiye aikina?

Amsa: Tukuna, Malam. A gidajen barkwanci da yawa mai gabatarwa na yin minti 10 zuwa 15, na tsakiya 20 zuwa 30, babban baƙo 45 zuwa awa guda, kuma kuɗin kirki a saman yake. Jira har kuɗin wasa ya riƙa ɗaukar hidimarka wata bayan wata, bayan ka cire na mota da masauki. Kafin kowane wasa a rubuta maka nawa za a biya, minti nawa za ka yi, da ranar biya.