Shin an hana yi wa yaro kaciya a Jamus?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. A Jamus nake zaune, kuma Allah ya ba mu ɗa namiji wata biyu da suka wuce. Wani Bajamushe abokin aikina ya ce kaciya laifi ce a ƙasar, kuma ba ta da amfani. Hajiyarmu kuma ta ce a bari ya kai shekara bakwai a kawo shi gida wurin wanzami. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya raya.

Rabin labarin abokinka ya tsinta. A 2012 wata kotu a birnin Kolon ta ce raunata jiki ne kaciyar da aka yi wa wani yaro Musulmi ɗan shekara huɗu, wanda jini ya ɓalle masa daga baya. Musulmi da Yahudawa suka yi ca, har a watan Disamba na shekarar majalisa ta kafa dokar da ta halatta ta, da sharaɗin iyaye sun yarda kuma an bi ƙa'idar aikin likita, har da kashe zafi. Sai dai ka tanadi kuɗinka, inshorar lafiya ba ta biya in ba larurar ciwo ba ce.

Ita kuwa Hajiya, maganarta tana da tushe. Kaciya tana cikin abubuwa biyar na fiɗira a hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito. Shafi'iyya da Hambaliyya sun wajabta ta, Malikiyya da Hanafiyya suka ce sunna ce mai ƙarfi. Malikiyya sun fi son a yi ta tsakanin shekara bakwai zuwa goma, abin da ya dace da al'adarmu ta tara 'yan shayi a lokacin sanyi. Amma wannan fifiko ne kawai, yin ta da wuri ba haramun ba ne.

Amfani kuwa akwai shi. Tana rage ciwon mafitsara ga jarirai, tana hana matsewar fatar kan mazakuta. Gwaje-gwaje uku a Afirka ta Kudu da Kenya da Yuganda sun nuna tana rage haɗarin namiji ya ɗauki ƙanjamau daga mace da kusan kashi 60 cikin ɗari, shi ya sa a 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yin ta a ƙasashen da cutar ta yi yawa. Ragewa fa na ce, ba rigakafi ba.

Ni dai na fi son a yi ta yanzu, a asibiti, domin jariri ya fi saurin warkewa. Amma a fara duba shi. In kafar fitsarinsa ba a tsinin take ba, a ƙasa take, kada a taɓa fatar, da ita ake gyara. In akwai masu ciwon rashin daskarewar jini a danginku, musamman ɓangaren uwarsa, a gwada jininsa tukuna. Idan kuma Hajiya ta yi nasara aka kai shi gida, ka tsaya da kanka ka ga an buɗe sabuwar reza dominsa shi kaɗai.