Yaron da ya zana coci da aka ce ya zana garinsu

Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta rubuto daga wani ƙauye a yankin Norfolk, gabashin Ingila. A can ta haifi ɗanta, yanzu shekararsa 9. Karatu ne ya kai maigidanta ƙasar kafin ya kama aiki, kuma har yau bizar aiki gare su, ba su samu takardar zaman dindindin ba. A makaranta aka ce kowane yaro ya zana garinsu, sai yaron ya zano cocin ƙauyen da filin ciyawa da tafkin agwagi. Uban ya ga zanen, ya kwana yana juyi, gari na wayewa ya ce za a kai yaron Malumfashi wurin Hajiya ya yi shekara ɗaya ko biyu, ya koyi Hausa da karatun allo. Tana tambaya ko ta amince.

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Kafin a sayi tikiti, ku zauna da maigida ku ƙirga kwanaki, don akwai ɓarnar da in an yi ta da wuya ta gyaru. Tun 1 ga Janairun 1983, haihuwa a Birtaniya kaɗai ba ta mayar da yaro ɗan ƙasa, sai in ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne ko yana da zaman dindindin a ranar haihuwar. Amma dokar ɗan ƙasa ta 1981 ta buɗe wata ƙofa: yaron da aka haifa a ƙasar, ya yi shekara 10 na farkon rayuwarsa a cikinta, bai wuce kwana 90 a waje ba a kowace shekara, yana da haƙƙin a yi masa rajistar zama ɗan ƙasa, ko wace irin biza iyayensa ke riƙe da ita. Ɗanki saura masa 'yan watanni. In kuka ɗauke shi yanzu na tsawon shekara, kun zubar da tulu a bakin ƙofa. Gaskiya ne in ɗayanku ya samu zaman dindindin kafin yaron ya cika 18, wata hanyar ta buɗe, to amma wannan tana rataye da ƙa'idojin shige da fice, waɗanda gwamnati ke sauyawa kusan kullum. Hanyar shekara 10 kuwa tana hannunku.

Tun yau ki samu jaka guda ki tara shaidu: cikakkiyar takardar haihuwa mai ɗauke da sunayenku, jan littafin nan na awo da rigakafi, wasiƙar likitan unguwa, rahotannin makaranta na kowace shekara, da tsofaffin fasfo saboda hatimin shiga da fita. Kuɗin rajistar da nauyi, amma tun 2022 ana iya neman a yafe wa yaron da iyayensa ba su da hali. Ki nuna takardun ga lauya ko mai ba da shawara da ke da rajista kafin ki tura. A gefen gida kuma babu fargaba: tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ce wanda aka haifa a waje, matuƙar ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Nijeriya ne, ɗan ƙasa ne ta haihuwa, kuma karɓar fasfon wata ƙasa ba ya raba shi da nasa.

Yanzu zanen. Ki faɗa wa Baban yaro cikin ladabi cewa ɗansa bai yi ƙarya ba, kuma bai yi butulci ba. An tambaye shi garinsu, ya zana inda ya yi rarrafe. Shi Baba in ya rufe ido, ƙurar kaka yake gani da rumbunan dawa da tashe a goma ga azumi. Yaron in ya rufe nasa, zai ga yadda suke tsintar 'ya'yan itacen nan masu sheƙi kamar goro a watan Oktoba, su huda su zura igiya suna gwabzawa har na wani ya fashe. Zai ga leɓensa ya yi baƙi da 'ya'yan ƙayar da ke bakin shinge a ƙarshen Agusta, da gwangwanin wake da ya kai makaranta ranar bikin girbi, da daren 5 ga Nuwamba da ake hura ƙatuwar wuta a fili ana harba tartsatsi, don tunawa da yunƙurin tarwatsa majalisa a 1605. Wannan ita ce ƙuruciyarsa, babu wata ta biyu da za a sake yi masa. In aka nuna masa abin kunya ce, Malumfashi za ta zame masa wurin horo, kuma yaro ba ya kewar inda aka kai shi don a hukunta shi.

Akwai ma abin da za ku ara daga maƙwabtanku. Bature ɗan ƙauye yana da zafin son asali fiye da yadda muke zato. Tun 1538 aka umarci cocin Ingila su riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, tun 1837 kuma gwamnati ke rajistar haihuwa da mutuwa. Shi ya sa tsohuwar da ke ƙarshen layinku za ta iya kama hannunki ta nuna miki kabarin kakan kakanta, da sunan kawunta a jikin dutsen tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi. Mu namu littafin yana cikin kan Hajiya, kuma ba a ajiye kwafinsa ko'ina ba. Ku sa yaron ya riƙa tura mata tambaya ɗaya ta WhatsApp duk Juma'a, da muryarsa, da Hausarsa mai gargada. Wa ya haifi Kaka? Wace sana'a gidan ya gada? Me ya sa ake kiran Baba da wannan laƙabin? Ta amsa, ku adana muryar, shi kuma ya zana bishiyar zuriyar ya manna kusa da zanen cocin.

Harshe kuwa a gida ake rasa shi. Na san in kin dawo daga aikin dare, Turanci ya fi saurin kashe magana, amma yaron da ake yi wa Hausa lokacin faɗa kawai zai ɗauka yaren faɗa ce. Ku sanya doka ko da a kan tabarmar cin abinci ne. Batun addini, makarantar ƙauye sau da yawa ta coci ce, ita ce kuma kaɗai a kusa, amma doka ta ba iyaye damar cire yaro daga addu'ar safe in sun nema. Karatun Ƙur'ani ana iya yi da malami ta waya, Sallar Idi kuma ku daure ku tuƙa zuwa Norwich ko Peterborough ya ga sahu.

Zuwa gida, ku je, amma a hutun bazararsu, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba. Mako shida kwana 42 ne, bai kai rabin 90 ba. Kada ku ɗauke shi ana tsakiyar zango, don ana cin tarar fam 80 a kan kowane mahaifi. Lokacin kuma damina ce tsundum a Katsina, jikinsa bai san sauro ba, sai ku nemi maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da allurar shawara tun da sauran makonni. In ya cika 10, rajista ta fito, sai a sake buɗe maganar doguwar zama, a kira shi kansa a ji ta bakinsa.